Gama ta wace jam'iyya ce? Amsa ga mai son tsayawa takarar kansila

"Malam, ni haifaffen Gama ne, a ƙaramar hukumar Nassarawa. Abokaina sun matsa mini in fito takarar kansila a zaɓe mai zuwa. Amma kullum a majalisarmu ana gardama: wasu su ce Gama ta jar hula ce, wato Kwankwasiyya, tun asali, wasu su ce ai Gama ce ta mayar da Ganduje kan kujera a 2019. Ina son in san gaskiyar tarihin zaɓen mazaɓarmu, da inda zan samo shi, kuma ko zan iya dogara da shi wajen zaɓar jam'iyyar da zan shiga."

Ɗan'uwa, tambayarka uku ce a cikin ɗaya. Kana son sanin abin da ya faru, kana son sanin inda aka ajiye shi a rubuce, sannan kana son sanin ko zai yi maka amfani. Ta ukun ce ta fi nauyi, kuma zan faɗa maka ra'ayina tun daga farko don kada ka yi ta jira: mazaɓa irin taku tarihin zaɓe biyu gare ta, wanda hukumar INEC ta rubuta da wanda hukumar zaɓe ta jiha, KANSIEC, ta rubuta. Na farkon yana nuna inda zuciyar mutane take, ko da yake ba kullum ba. Na biyun yana nuna wanda ke gidan gwamnati. Kujerar da kake nema tana ƙarƙashin na biyun ne, gardamar majalisarku kuma duk a kan na farkon ake yin ta. Na shafe zaɓuka da dama ina aikin sa ido a rumfuna da cibiyoyin tattara sakamako a Kano, kuma a wannan rikicewar na ga samari masu kishin unguwa sun yi asarar kuɗinsu.

Mece ce mazaɓar, kuma wa ya shata ta

Nassarawa tana da mazaɓu 11: Dakata, Gama, Gawuna, Giginyu, Gwagwarwa, Hotoro ta Arewa, Hotoro ta Kudu, Kaura Goje, Kawaji, Tudun Murtala da Tudun Wada. Jihar Kano gaba ɗaya tana da 484 a ƙananan hukumomi 44, ƙasar kuma tana da 8,809 a lissafin INEC. Kowace mazaɓa kansila ɗaya take fitarwa, ko mai mutum dubu takwas ce ko mai dubu arba'in. A nan ne rashin adalcin farko yake. Rumfunan zaɓen da muka yi ta amfani da su har zuwa 2019 an kafa su ne tun 1996, zamanin Abacha, lokacin da unguwanni da yawa na gefen birni gonaki ne. Gari ya cika ya batse, amma layin da aka ja bai motsa ba. A zaɓen 2019 Gama tana da rumfuna 62 da masu rajista sama da dubu 40. Kansilanku yana ɗauke da jama'ar da ta ninka ta wani kansilan karkara sau uku ko huɗu, albashi ɗaya, ƙuri'a ɗaya a zauren majalisa.

Wannan girman ne ya sa sunan Gama ya shiga bakin duniya.

Abin da ya faru a Maris ɗin 2019

An yi zaɓen gwamna ranar Asabar 9 ga Maris. Sakamako ya riƙa shigowa daga ƙananan hukumomi, har ya rage saura Nassarawa. A cikin Nassarawar ma an tattara na sauran mazaɓu, saura Gama. Cikin dare, wayewar garin Litinin, hatsaniya ta tashi a cibiyar tattara sakamako ta ƙaramar hukumar, aka yaga takarda. 'Yan sanda, a ƙarƙashin kwamishina Muhammad Wakili, sun tafi da mataimakin gwamna na lokacin, Nasiru Yusuf Gawuna, da kwamishinan ƙananan hukumomi Murtala Sule Garo, daga baya aka sake su. INEC ta soke sakamakon Gama baki ɗaya. Da aka haɗa lissafi, Abba Kabir Yusuf na PDP yana da 1,014,474, Abdullahi Umar Ganduje na APC yana da 987,819. Tazara 26,655 ke nan. Amma masu rajista a rumfunan da aka soke a faɗin jihar sun haura dubu ɗari, saboda haka baturen zaɓe ya ce zaɓe bai kammala ba. Daga ranar kalmar inkwankulusib ta shiga Hausar Kano, har yara suna kiran juna da ita.

Ka fi ni sanin makonni biyun da suka biyo baya, tunda a ƙofar gidanku aka yi. Motocin kwashe shara, masu haƙa rijiyar burtsatse, masu gyaran titi da dare, duk suka sauka a unguwa lokaci guda. Ranar 23 ga Maris aka sake zaɓen. Masu sa ido na cikin gida da na Tarayyar Turai sun ba da rahoton 'yan daba ɗauke da makamai da tsoratar da masu zaɓe a wasu rumfunan Kano, PDP ta nemi a soke zaɓen, APC kuma ta ce lafiya ƙalau aka yi. A Gama aka bayyana APC 10,536, PDP 3,409. A ƙarshe Ganduje ya tashi da 1,033,695, Abba da 1,024,713, tazarar 8,982. Kotun sauraren ƙararrakin zaɓe ta tabbatar da hakan a Oktoban 2019, kotun ɗaukaka ƙara ta bi sahu, Kotun Ƙoli ta rufe maganar ranar 20 ga Janairu, 2020.

To, yanzu ɗauki biro mu yi lissafin da ba a cika yi a majalisa ba. Ratar da APC ta samu a Gama ita ce 7,127. Cire ta daga 8,982, saura 1,855. Wato ko da ba a ƙirga Gama ba sam a zagaye na biyu, sauran rumfunan da aka sake a wasu ƙananan hukumomi sun isa su juya sakamakon, domin a duk zagayen APC ta samu 45,876, PDP ta samu 10,239. Masu cewa Gama ita kaɗai ta mayar da Ganduje sun ɗora muku kayan da ba naku kaɗai ba. Ƙorafin 'yan PDP na daban ne: sun ce sakamakon Gama na ranar 9 ga wata yana nan lafiya a takardun rumfuna, su ne ke gaba, kuma bai kamata yaga takarda ɗaya a matakin ƙaramar hukuma ya shafe abin da aka riga aka sa wa hannu a rumfuna 62 ba. Wannan hujjar sun kai ta kotu ba ta karɓu ba. Ni a nawa ganin tambaya ce mai nauyi, kuma har gobe tana damuna, domin idan yaga takarda yana soke ƙuri'ar mutum dubu arba'in, an koya wa kowa hanya.

Abu na biyu da lissafin yake nunawa: haɗa 10,536 da 3,409, ba su kai dubu 14 ba. Kusan kashi biyu cikin uku na masu rajistar Gama ba su dangwala wa ɗaya daga cikin manyan jam'iyyun biyu ba a ranar. Wasu tsoro ya hana su fitowa, wasu sun fito sun ga yanayi sun koma, wasu dama ba sa zaɓe, wasu sun tashi daga unguwar ko sun rasu sunansu yana nan a rajista. Lambar tana nan a kundin hukuma, halastacciya ce a idon doka, amma ba zan taɓa ba ka shawarar ka auna ra'ayin unguwarku da ita ba.

Kano ba ta zama wuri ɗaya

Masu cewa Gama ta jar hula ce tun asali su ma su yi hattara da kalmar asali. Birnin Kano da kewayensa suna da tsohuwar ɗabi'ar juya wa mai mulki baya, tun daga NEPU da aka kafa a 1950, zuwa PRP da ta kawo Abubakar Rimi a 1979, ta kuma rabu gida biyu, santsi da taɓo. Kwankwaso ya ci a 1999 a PDP, Malam Ibrahim Shekarau ya kayar da shi a 2003 a ANPP, Kwankwaso ya dawo a 2011. Dattijon da yake sa jar hula yau a layinku, mai yiwuwa masara ya dangwala wa a 2003, tsintsiya a 2015, lema a 2019, kwandon kayan marmari a 2023. Mutum ake bi, ko kuma fushi ake hucewa, jam'iyya riga ce.

Misalin da na fi so in ba ɗalibai shi ne na 2019 ɗin kansa. Ranar 23 ga Fabrairu Buhari ya samu 1,464,768 a Kano, Atiku na PDP ya samu 391,593. Bayan mako biyu kacal, PDP ɗin nan ta haura miliyan ɗaya a zaɓen gwamna. An yi ta kiran sak, mutane suka dafa wake da shinkafa. A 2023 kuma Abba ya samu 1,019,602 a NNPP, Gawuna, wanda ɗan Nassarawa ne kuma ya taɓa riƙe shugabancin ƙaramar hukumar, ya samu 890,705, aka sake shiga kotu har zuwa 12 ga Janairu, 2024. Duk wanda ya ɗauki sakamakon zaɓe ɗaya ya ce ga launin mazaɓa, hoto ɗaya ya gani ya ce ya san mutum.

Tarihin da ya shafi kujerarka

Yanzu mu zo kan zaɓen kansila. Sashe na 7 na tsarin mulkin 1999 ya ce ƙananan hukumomi zaɓaɓɓu ne, amma ya bar shirya su a hannun jihohi, kuma gwamna ne yake naɗa shugabannin hukumar zaɓe ta jiha. Ga abin da hakan ya haifar a Kano. A Mayun 2014, Kwankwaso yana gwamna a APC, APC ta cinye ciyamomi 44 da kansiloli 484. Ranar 10 ga Fabrairu, 2018, zamanin Ganduje, APC ta sake cinye duka, kuma wannan ne zaɓen da hotunan ƙananan yara suna dangwale suka karaɗe intanet. Ranar 16 ga Janairu, 2021, APC duka. Ranar 26 ga Oktoba, 2024, bayan gwamnati ta koma hannun NNPP a 2023, sai NNPP ta cinye 44 da 484, APC ba ta ma shiga ba.

Ka duba da kyau. Jihar da aka rabu da tazarar ƙuri'a 8,982 cikin sama da miliyan biyu, a ce babu mazaɓa ko ɗaya cikin 484 da 'yan adawa suke da rinjaye? Hankali ba zai ɗauka ba. Kuma ba halin Kano kaɗai ba ne, haka ake yi a kusan kowace jiha, ko wace jam'iyya ce ke mulki. Inda za ka gane bambanci shi ne Abuja, wurin da INEC ce take gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi: a Fabrairun 2022 PDP ta ci uku, APC ta ci uku, kujerun kansiloli 62 su ma suka rabu tsakaninsu. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, ya ce a daina naɗa kantomomi, a kuma riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, amma bai taɓa hukumomin zaɓe na jihohi ba. Wannan sai an gyara tsarin mulki.

Abin da wannan yake nufi gare ka ba mai daɗin ji ba ne. A yanayin da ake ciki, ainihin zaɓen kansila ana yin sa ne a cikin jam'iyya mai mulki, kafin ranar zaɓe, tsakanin shugabannin jam'iyya na mazaɓa, da ɗan majalisar jiha, da jagororin ƙaramar hukuma. Wani lokaci a yi ƙato bayan ƙato, galibi kuma a ce an yi masalaha, wadda sau da yawa ɗauki-ɗora ce aka sa wa suna mai daɗi. Doka ba ta yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba, dole sai ta jam'iyya. Ga kuma kuɗin fom: a 2024 KANSIEC ta fara sanar da naira miliyan 5 ga mai neman kansila, miliyan 10 ga ciyaman, har maganar ta kai kotu. Wannan kuɗin kaɗai ya isa ya kori malamin makaranta da tela da mai shago, wato mutanen da suka fi kowa sanin inda kwata ta toshe.

Hanya uku ce a gabanka. Ka shiga jam'iyya mai mulki ka yi gwagwarmayar tikiti daga ciki. Ko ka tsaya a adawa kana sane da cewa ba kujera za ka samu a wannan karon ba, suna kake ginawa don zaɓen majalisar jiha wanda INEC ke yi. Ko kuma ka ɗaga takarar, ka fara da aikin unguwa da riƙe akwati. Ba zan zaɓar maka ba, domin akwai maganar aƙida da mutunci da ba lissafi ke yanke ta ba. Amma ko wacce ka ɗauka, tarihin INEC zai yi maka amfani ta wata fuskar: shi ne jarin da za ka ajiye a gaban jagorori. Mai iya cewa ga rumfuna goma sha biyu da muka faɗi a baya, ga yadda na juya bakwai, ana sauraronsa fiye da mai tarin fastoci.

Yadda za ka haɗa naka kundin

Kada ka nemi sakamakon mazaɓa a dunƙule, ka nemi na akwati-akwati. Takardar da ake cikewa a rumfa sunanta EC8A, ita ce uwa. Daga ita ake kwafa zuwa EC8B a mazaɓa, sai EC8C a ƙaramar hukuma. Kowane ejan jam'iyya yana da haƙƙin karɓar kwafinsa, 'yan sanda ma ana ba su. Na 2023 za ka samu hotunansu a shafin IReV na INEC, rumfa bayan rumfa, sai dai wasu hotunan sun yi duhu ko an ɗora wanda ba shi ba. Na shekarun baya sai ka rubuta wa ofishin INEC na jiha takardar neman kwafi mai hatimi, ka biya kuɗin da aka ƙayyade, ka kuma yi haƙurin jira. Hanya mafi sauri ita ce tsofaffin sakatarorin jam'iyya na mazaɓa. Za ka yi mamakin abin da ke cikin jakar wasunsu. Na taɓa zama a soron wani dattijo a wata mazaɓar cikin birni, ya jawo wata tsohuwar jakar fata daga ƙarƙashin gado, ya zazzage takardun zaɓe uku a kan tabarma, kowane an ɗaure shi da kyauro, wasu tawadar ta koɗe har sai mun ɗaga su a hasken ƙofa. A yini ɗaya na fahimci mazaɓar fiye da yadda na fahimce ta a shekara biyu ina jin labari.

Akwai tarko guda da ya kama ni da kaina. A 2021 INEC ta ƙara yawan rumfuna daga 119,973 zuwa 176,846, ta mayar da ƙananan wuraren jefa ƙuri'a rumfuna masu cin gashin kansu. Saboda haka akwatin da kake gani a 2019 mai yiwuwa ya haihu biyu ko uku a 2023. Idan ka kwatanta lamba da lamba kai tsaye, sai ka ga kamar jama'a sun gudu daga wata rumfa, alhali raba su aka yi. Sai ka haɗe 'ya'yan da uwarsu kafin ka kwatanta. Haka kuma ƙa'idar tantancewa ta canza: kafin 2015 da hannu ake yi, a 2015 na'urar karanta kati ta zo, a 2023 na'urar BVAS mai tantance yatsa da fuska. Dokar zaɓe ta 2022 ta ce aringizo shi ne ƙuri'a ta fi yawan waɗanda aka tantance, a da kuwa sai ta fi yawan masu rajista. Don haka idan ka ga fitowar jama'a ta ragu a takarda, ba lallai mutane ne suka ragu ba, wataƙila ƙofar cusa ƙuri'a ce ta ƙuntata.

A gaban kowace rumfa ka rubuta abu huɗu: masu rajista, waɗanda aka tantance, abin da kowace jam'iyya ta samu, da ƙuri'un da suka lalace. Sannan ka bar fili mai faɗi na biyar, wanda babu shi a takardar hukuma: me ya faru a ranar. Ƙarfe nawa malaman zaɓe suka iso, an yi rigima ko ba a yi ba, layin mata ya kai ina, wa ya tsaya a bakin rumfa yana raba abin da yake rabawa. Wannan sai ka zauna da mutane. Ka fara da matan da suke tara mata, domin a rumfunan birni da na tsaya layin mata ne yake fara cika kuma shi ne yake ƙarshen watsewa, amma 'yan takara sai su ɓata wata guda a majalisun maza.

Abin da na gani da idona a wata cibiyar tattara sakamako, ba a Nassarawa ba, shi ya sa nake nanata maganar kwafi. Aji ne na firamare, babu wuta, 'yan hidimar ƙasa zaune a ƙasa kowa ya rungume akwatinsa, jami'in tattarawa yana rubutu da fitilar waya. Aka kira wata rumfa, aka karanta lambar da ta fi wadda na rubuta da rana da ƙuri'a ɗari cif. Na duba inda ejan ɗin ɗaya jam'iyyar yake zaune, ba ya nan, ya tafi neman wanda zai biya shi kuɗin aikinsa, kuma bai karɓi kwafinsa a rumfa ba. Wata yarinya ce cikin malaman zaɓen ta miƙe, muryarta tana rawa, ta ce ba haka ta rubuta ba, ta ɗaga tata takardar. Aka gyara. Da ta yi shiru, da wannan ɗarin ta shiga tarihin mazaɓar har abada, wani kuma ya zo bayan shekara goma ya gina lissafi a kanta. Tsohon taken nan na a kasa, a tsare, a raka, ba waƙa ba ce kawai.

Iyakar abin da wannan zai ba ka

Kundin zai nuna maka inda ƙuri'a take da inda take kwana a gida, amma ba zai faɗa maka dalili ba, ƙuri'a a asirce ake jefa ta. Ba zai nuna maka 'yan shekara 18 da za su yi zaɓen farko ba, kuma a unguwa irin taku suna da yawa. Sannan ni mai sa ido ne, ba lauya ba. Sharuɗɗan tsayawa, da wa'adin ajiye aiki idan ma'aikacin gwamnati ne kai, da takardun da ake nema, da gwajin ƙwaya da aka yi wa 'yan takara a zaɓukan baya, duk suna cikin dokar jiha da ƙa'idojin da KANSIEC take fitarwa gab da kowane zaɓe, kuma suna canzawa. Ka karɓi na lokacin da hannunka, ka kai wa lauya ya karanta maka kafin ka biya ko sisi.

Kafin nan, ka samu littafi mai bango mai kauri, ka ba kowace tsohuwar rumfa cikin 62 ɗin shafi guda. Ka fara da wadda kake jefa taka ƙuri'ar, tunda a can ka san fuskokin da ke layi. Idan ka cika shafi goma, ka sake rubuto mini da abin da ka gani, mu duba tare.